Albashi ɗaya, kasuwa takwas: wa ke biyan bambancin?

Wani ɗan kasuwa na Maraɗi, wanda muka daɗe muna shan inuwa ɗaya da shi, ya tare ni kwanan baya da tambayar da ya zaci amsarta ba za ta wuce kalma biyu ba. Ɗansa ya ƙare karatun sha'anin mulki, ya fara neman aiki, shi kuwa uban yana so ya san ko ɗawainiyar da ya yi ta shekara da shekaru za ta mayar da uwar kuɗi. Ya ce mini: "Malam, nawa ne albashin mai riƙe da al'amuran biro a ƙasar nan?" Na ce masa: "Alhaji, tambayarka ba ta cika ba. Sai ka faɗa mini wanda zai biya yaron, sa'an nan ka faɗa mini garin da zai ci kuɗin." Ya yi tsammanin kauce-kauce nake yi irin na ƴan boko. Ba kauce-kauce ba ne, kuma dalilin wannan rubutu ke nan.

Mu fara sanin mutumin da ake magana a kansa, domin sunayensa suna da yawa. A wata ma'aikata a ce da shi shugaban sashen ma'aikata, a komin a ce sakatare janar, a furoje a ba shi laƙabin Faransanci mai tsawo wanda ko shi kansa sai ya numfasa kafin ya kai ƙarshensa. Aikin dai ɗaya ne. Shi ne mai riƙe da takardu, mai rubuta wasiƙu, mai shirya takardar izinin tafiya aiki, mai lissafin man mota da na hutun ma'aikata, mai kiran taro da rubuta abin da aka yanke. Ba ya yin allura, ba ya koyarwa a aji, ba ya gina rijiya, amma in ya kwanta ciwo mako guda, likita ba zai sami mota ba, mushe ba zai ga takardar ƙarin girmansa ba, mai haƙa rijiya kuma zai yi ta zarya bai karɓi kuɗinsa ba. Irin waɗannan mutane ba a tunawa da su sai ranar da wata takarda ta ɓace.

Idan gwamnati ce ta ɗauke shi, lissafinsa a bayyane yake. Dokar ma'aikatan gwamnati ta 23 ga Yuli 2007 ta bi tsarin da muka gada tun farkon ƴancin kai: an kasa ma'aikata rukuni-rukuni, A da B da C da D, gwargwadon takardar shaidar karatun da mutum ya shigo da ita. A cikin kowane rukuni akwai aji, a cikin kowane aji akwai matakala, kowace matakala kuma tana da lambarta. Wannan lamba ita ake ninkawa da darajar maki ɗaya, sai a sami gundarin albashi. A ɗora alawus na muƙami da na iyali, a zare kuɗin fansho da harajin albashi, abin da ya saura shi ne mutum zai tarar a banki. Babu inda sunan gari ya shiga cikin gundarin nan. Wanda ya fito daga makarantar ENA aka ajiye shi a Yamai, da abokin karatunsa da aka tura Gure ko Cintabaradan, in lambarsu ɗaya ce, gundarin albashinsu ɗaya ne har zuwa dala ta ƙarshe.

Kada a raina hikimar da ke cikin wannan. Ƙasar da ta haɗa Hausawa da Zabarmawa da Buzaye da Fulani da Barebari da Tubawa da Larabawa da Gurmawa, ba ta da abin da ya fi mata haɗari kamar a ce albashin ɗan wata jaha ya fi na ɗan wata. Magabatanmu sun ga haka, suka kafa ma'auni guda, kuma sun kyauta. Sai dai ma'aunin nan ya auna takarda ne kawai. Ma'aikaci kuwa ba takarda yake dafawa ba.

A shiga kasuwa a gani. Hatsi da dawa da wake daga gonakin Maraɗi da Damagaram da kudancin Tawa da Doso suke fitowa. Kafin buhu ya isa Agadas ko Arlit, ya biya mota, ya biya ƴan dako sau biyu, ya biya abin da ake biya a kan hanya wanda ba shi da rasit. Kowane ɗan kasuwa da ke karanta wannan shafi ya fi ni sanin yadda tiyar hatsi ke ƙara nauyin kuɗi da kowane kilomita. Shinkafar waje da sukari da man girki kuwa ta wata ƙofar suke shigowa. Shekara da shekaru, har zuwa 2023, daga tashar jirgin ruwa ta Kwatano suka riƙa tasowa suna ƙetare kogi a Gaya, saboda haka a lokacin Doso da Yamai ne farkon masu saye, Difa ce ta ƙarshe, ga ta nesa da babban birni da fiye da kilomita 1300. Kayan Najeriya, daga sabulu har roba da yadi, sun fi arha a Ƙwanni da Maraɗi da Matamai da Magarya, inda iyaka ke bakin ƙofa. Yamai kuma tana da nata ciwon, wato kuɗin haya, wanda ke haɗiye kaso mafi girma na albashin duk wanda bai gaji gida a can ba, sai na taksi safe da yamma daga unguwannin bayan gari, domin ƙaramin ma'aikaci ba ya iya zama kusa da ma'aikatarsa.

Ke nan kowace jaha daga cikin takwas ɗin nan tana da arharta, tana da tsadarta, kuma ba su daidaita ba. Mu ɗauki misali kawai, ba don shi ne albashin kowa ba: mutum biyu, kowanne yana karɓar jika 150 a wata, kowanne da mata da ƴaƴa biyar. Na farko yana aiki a Tasawa, yana zaune a gidan mahaifinsa, yana da ƴar gona a bayan gari wadda ke ba shi hatsin wata shida. Na biyu an tura shi Agadas, ba shi da kowa, yana biyan haya, yana sayen hatsi tiya-tiya tun daga ranar ɗaya ga wata, a wata unguwar ma har ruwa sai ya saya wurin ƴan garuwa. In na farko ya yi tattali, zai iya ɗaure akuya biyu a ƙarshen shekara. Na biyu kafin ranar 20 ga wata ya riga ya shiga littafin mai kanti. A takardar baitulmali su biyun ba su da bambanci, kuma duk wanda ya ce suna da shi sai a ce masa yana son raba kan ma'aikata.

Akwai kuma harajin da ba a rubuta shi a kowace doka ba, harajin nisa. Takardar ƙarin girma, da ta bashin ƙarin da ba a biya ba, da ta fansho, duk a Yamai suke kwana. Mai aiki a Yamai in takardarsa ta maƙale, sai ya tsallaka titi da hantsi ya je ya tambaya. Mai aiki a Damagaram sai ya yi tafiyar kusan kilomita 900, ya sauka gidan wani, ya yi mako yana hawa da sauka a bene, ya komo wataƙila ba tare da biyan bukata ba. Ni kaina na taɓa bin wata takarda tawa har sau uku daga gabas zuwa babban birni, a wata ma'aikata da ba sai na ambace ta ba, kuma da na yi lissafi sai na ga kuɗin mota da na ci ya kusa cinye abin da na je karɓa. Ƙara da wannan, da yawa daga waɗanda aka tura nesa ba sa ɗaukar iyali, saboda makarantar yara ko rashin tsaro, sai su riƙe tukunya biyu da albashin tukunya ɗaya. Wanda ke ƙauyen da babu banki kuwa, karɓar albashin ma tafiya ce mai cin kwana da kuɗi.

Adalci ya sa in faɗi cewa zama garinku ma ba kyauta ba ne. Wanda ke aiki cikin danginsa, ranar da albashi ya sauka kowa ya sani kafin shi. Suna da biki da rashin lafiya da zaman makoki duk ƙofarsa suke bi. Na san ma'aikatan da suka roƙi a kai su nesa don su huta. Amma wannan nauyi ne na zumunci, mutum na iya cewa a yi haƙuri. Mai gidan haya da mai sayar da hatsi ba a ce musu a yi haƙuri.

Za a ce mini ai gwamnati ba ta manta ba, akwai alawus na yankin hamada. Gaskiya ne akwai shi, kuma wanda ya ƙirƙiro shi ya yi tunani. Illarsa biyu. Ta farko, kuɗi ne tsayayye, an yanke shi an ajiye, kasuwa kuwa ba ta tsaya jiransa ba. Ta biyu, ya raba ƙasa da ma'aunin rairayi, alhali tsadar rayuwa ba rairayi take bi ba. Garin da ke tsakiyar gonaki zai iya wayar gari ya fi garin hamada tsada in iyaka ta rufe ko baƙi suka cika shi.

Tarihinmu na kusa ya isa shaida. A watan Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi: faran ɗin Faransa da ake saye da sefa 50 ya koma 100. Kayan da ke zuwa daga Turai suka tashi nan take, kuma birnin da ya fi dogara da su shi ya fi jin jiki. Ma'aikata, waɗanda dama ke bin gwamnati bashin albashi na watanni, suka shiga yajin aiki ƙarƙashin USTN, amma abin da ake ja a kansa shi ne ƙari guda ga kowa, ba a tsaya duba inda wutar ta fi ci ba. A watan Agusta 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta buɗe ba sai Disamba 2020, kuma a wannan karon Maraɗi da Ƙwanni da Damagaram ne suka sha wuya. A ƙarshen Mayu 2023 sabuwar gwamnatin Abuja ta janye tallafin man fetur, man ruwa-ruwa da ma'aikatan kudu suka saba zuba wa babura da rahusa ya daina zama na rahusa. Bayan wata biyu, juyin mulkin 26 ga Yuli ya jawo takunkumin CEDEAO: Najeriya ta yanke wutar lantarki, gadar Gaya ta rufe, kaya suka koma zagayowa daga Lome ta Burkina Faso cikin ayarin da sojoji ke rakiya. Sau huɗu ke nan taswirar tsada ta juya, kowane karo ta wata fuska dabam. Wace takardar albashi ce ta juya tare da ita?

Wannan duk labarin wanda baitulmalin ƙasa ke biya ne, shi kuwa ya fi na komin dama-dama. Tun zaɓen ƙananan hukumomi na 2004, lokacin da aka raba ƙasa komin 265, aka haifi wani sabon jinsin ma'aikacin mulki wanda cikinsa ke rataye da aljihun garinsu. Wasu gwamnati ce ta turo su, tana biyan gundarin albashinsu, amma alawus ɗinsu da albashin ƙananan ma'aikatan da ke ƙarƙashinsu daga asusun komin suke fita. Asusun komin kuwa ba rijiya ba ce: harajin kai ne, da na kasuwa, da na tasha, da na kara inda ake cinikin dabbobi. Komin da Allah ya ba babbar kasuwa, ko tashar iyaka, ko albasa irin ta yankin Galmi, tana iya biya a kan kari. Wadda ba ta da komai sai kasuwar mako mai rumfa talatin, in damina ta gaza, mutane suka tafi cin rani, ba ta da abin tarawa, ma'aikatanta sai su yi watanni suna sa hannu a rajista babu ko dala. An kafa hukumar ANFICT a 2008 domin ta tallafa wa ƙananan hukumomi ta kuma rage wannan rata, amma tallafin da ke zuwa a makare ba ya hana mai gidan haya buga ƙofa. A watan Afrilu 2024 aka rushe majalisun da aka zaɓa, aka naɗa kantomomi. An sauya mai riƙe da makullin akwati, abin da ke shiga akwatin dai yana nan yadda kasuwar garin ta ba da.

A nan ne bambancin jaha da jaha ya fi muni, domin a nan ba ƙarfin sayen albashi kaɗai ya bambanta ba, samuwarsa ma ta bambanta. Kuma sakataren komin shi ne mai rajistar haihuwa, mai takardar fili, mai shirya kasafin kuɗi. Mutumin da ya yi wata huɗu bai ga albashi ba, aka ajiye hatimin filaye a gabansa, me muke tsammani? Ba ina wanke ɓarawo ba ne. Na ga waɗanda suka jure suka mutu da talaucinsu da mutuncinsu. Amma ƙasar da ta gina tsarinta a kan cewa kowane ma'aikaci waliyyi ne, kada ta yi mamakin ganin fili ɗaya da takarda uku.

Sai mai biya na uku, wanda kowane yaro mai digiri ke mafarkinsa: furoje da ƙungiyoyin agaji na waje. A can aikin da gwamnati ke biya da lamba, ana biyansa da yarjejeniya, kuma ba boyayyen abu ba ne cewa abin da ake ba mai kula da mulki da kuɗi a babbar ƙungiya yakan ninka na takwaransa na gwamnati, wani lokaci ninki ba ɗaya ba, ga inshorar lafiya, ga mota, ga kuɗin kwanan daji. Su kam sun san bambancin wuri, domin sukan ƙara wa wanda suka tura inda ake jin ƙarar bindiga. Abin da ya kamata mai karatu ya lura da shi shi ne taswirar wannan albashi. Ba arzikin jaha take bi ba, masifarta take bi. Yunwar 2005 ta cika Maraɗi da Damagaram da fararen motoci. Hare-haren Boko Haram a Boso da Difa cikin Fabrairu 2015 suka kwashe motocin zuwa gabas, a daidai lokacin da dokar ta-ɓaci ta hana hawan babur ta kuma taƙaita cinikin tattasai da kifi, wato abin da jahar ke ci da shi. Dokar hana safarar baƙin haure ta 2015, wadda aka soke a Nuwamba 2023, ta jawo ofisoshin Turawa zuwa Agadas. Daga 2019 masu gudun hijira daga Zamfara da Sakkwato da Katsina suka shigo yankin Gidan Rumji, motocin suka sake waiwayar Maraɗi.

Duk inda suka sauka, abu biyu ke faruwa. Masu gidaje su ɗaga haya, domin sun sami mai biyan shekara guda a dunƙule, ma'aikacin gwamnati ya koma ƙarshen gari. Sa'an nan ƙwararrun ma'aikatan jaha su nemi hutun dogon lokaci su koma furoje, waɗanda suka saura kuma hankalinsu ya koma kan tarurrukan ƙara wa juna sani, inda fardiyam na kwana uku ke toshe ramin da albashi ya bari. Kowa ya taɓa zuwa biro aka ce masa mai sa hannu ya tafi atiliye. To, can ya tafi neman cikon albashinsa.

Amma inuwar furoje inuwar gajimare ce. A Nuwamba 2024 hukuma ta janye izinin aikin ƙungiyar ACTED, a Fabrairu 2025 ta umarci ƙungiyar agaji ta CICR ta rufe ofisoshinta, a cikin shekarar kuma gwamnatin Amurka ta wargaza hukumar USAID, ayyukan da ke rataye da kuɗinta suka tsaya a ƙasashe da dama har da tamu. Wanda jiya yake karɓar ninkin albashin darakta, yau yana gida da bashin banki da yara a makarantar kuɗi. Irin wannan ya taɓa samun Arlit, inda albashin kamfanonin yuraniyom ya daɗe yana jan farashin gari sama, har ranar da COMINAK ta rufe a ƙarshen Maris 2021. Albashin ya tafi, tsadar kuwa ba ta yi saurin binsa ba.

Yanzu kuma, alhazai, ku ba ni aron kunnenku, domin ku ne mai biya na huɗu. Kowane babban kanti, kowane kamfanin sufuri, kowane mai fitar da albasa ko wake yana da wani yaro mai ilimi da ke riƙe masa littafi, yana bin masa takardun duwan, yana rubuta masa wasiƙar banki. Wannan ma mai kula da mulki ne, ko da ba a ba shi laƙabin ba. Mafi ƙarancin albashi a doka ya tsaya kan sefa 30,047 tun 2012, aka ɗaga shi zuwa 42,000 daga farkon 2024. Wannan na leburan da bai taɓa shiga aji ba ne. Nawa ne daga cikinku suka rubuta wa mai riƙe musu littafi yarjejeniya kamar yadda dokar aiki ta 2012 ta tanada? Nawa ne suka yi masa rajista a CNSS? Na san amsar da za a ba ni: yana ci a gidana, na yi masa aure, na kai uwarsa asibiti. Alheri ne, Allah ya saka. Sai dai alheri ana iya janye shi ranar da aka ɓata, hakki kuwa ba a janye shi. Kuma a nan ma nisa na aiki: a Yamai, inda sufetan aiki ke kusa kuma kamfanoni ke gasar neman ƙwararru, yaron yana da bakin ciniki. A garin da kai kaɗai ne mai ɗauka, abin da ka yanke shi ne farashi.

Sakamakon duk wannan kowa yana ganinsa. Canjin wurin aiki, wanda ya kamata ya zama hanyar raba ƙwarewa ga ƙasa baki ɗaya, ya zama bulala. Tun zamanin jam'iyyu da yawa da ya biyo bayan babban taron ƙasa na 1991, bayan kowane zaɓe akan jira a ga wa za a jefa Bilma ko Gigimi. Me ya sa sunayen garuruwan nan suka zama abin tsoratarwa, alhali mutanen kirki ne ke zaune a cikinsu? Saboda kowa ya san tura mutum can rage masa albashi ne ba tare da an taɓa lambarsa ba. Mai uwa a gindin murhu ya maƙale a Yamai har ya yi ritaya, wanda ba shi da kowa, ko sabon ɗauka da bai san komai ba, shi ake aika wa jahohin da suka fi bukatar gwani. Daga baya a zo a yi taro a otal ana mamakin yadda jahohin nesa ba sa iya kashe kuɗin da aka ware musu.

Abin da nake kira gare shi ba juyin juya hali ba ne. A bar lamba yadda take, ɗaya ga kowa, domin ita ce igiyar da ta ɗaure mu. Amma a maye gurbin alawus ɗin da aka yanke da ka da alawus na wurin zama wanda aka auna da farashin gaskiya. Ba sai an ɗauko masani daga waje ba. Hukumar SIMA ta daɗe tana tattara farashin hatsi da dawa da masara da shinkafa a kasuwannin ƙasar nan, hukumar ƙididdiga ta INS kuma aikinta ke nan. A haɗa kwandon abin da gida mai matsakaicin iyali ke bukata, da haya a ciki, a auna shi a babban garin kowace gunduma, a buga sakamakon a jaridar gwamnati kowace shekara yadda kowa zai iya dubawa ya yi gardama. In lissafi ya nuna Yamai ta cancanci ƙari saboda haya, a ba ta. In ya nuna Bilma ta fi, a ba ta fiye.

Ministan kuɗi zai ce aljihu babu, kuma ƙa'idar UEMOA ta ce kada albashi ya wuce kashi 35 cikin 100 na harajin da ƙasa ke tarawa. Na yarda. Amma ƙa'idar ta yi magana ne a kan jimla, ba ta ce ga yadda za a raba ba. A buɗe littafin alawus-alawus na manyan muƙamai da na masu ba da shawara da ba a taɓa neman shawararsu ba, a ga ko ba za a sami abin da za a fara da shi ba. Akwai ma gyaran da ba ya cin kuɗi: a ba ofisoshin jaha ikon kammala takardun ƙarin girma da na fansho a inda ma'aikaci yake, a kuma rubuta a doka iyakar shekarun da mutum zai yi a wuri mai wuya kafin ya sami damar zaɓen inda zai koma. Ga ma'aikatan komin kuwa, a ware albashinsu daga cikin tallafin gwamnati a biya su kai tsaye, kada ya bi ta akwatin da kowa ke sa hannu.

Ƴan sandika ma suna da tasu fargaba, cewa bambanta alawus zai raba kan mambobinsu. Ina girmama gwagwarmayarsu, da yawa daga abin da ma'aikaci ke ci yau su suka ƙwato shi. Amma shugabanninsu galibi a Yamai suke zaune, kuma idan suka samo ƙarin kashi kaza ga kowa, wanda ya fi lamba shi ya fi samu, mai babbar lamba kuwa ba kasafai ake samunsa a Tasker ko Ingal ba. Kan ma'aikata ya riga ya rabu, kasuwa ce ta raba shi, ba wanda ya faɗa ba.

Da na gama wannan dogon bayani ga abokina Alhaji, bai ce uffan ba. Ya jawo wani littafi mai baƙin bango daga ƙarƙashin teburinsa ya buɗe mini. Sunayen masu karɓar kaya bashi ne, shafi bayan shafi, kuma kusan dukkansu ma'aikata. Ya ce ƴan gari ba sa damunsa, domin ko sun makara ya san gidajensu da gonakinsu. Waɗanda aka turo daga nesa su ne sunayensu ba sa fita daga littafin, wata na bin wata, har ranar da za a ce an yi musu canji, wani ya zo ya biya kafin ya hau mota, wani kuma ya bar garin da asuba. Ya rufe littafin, ya tambaye ni ko na san wanda zai taimaka a bar ɗansa a Maraɗi.